Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe: Yadda Ake Auna Lafiyarsu, da Ba Su Shaida, da Yi Musu Kuɗi

Gabatarwa

Ba safai akan raba gado a tsofaffin gidajen Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ba a tarar da 'yan kuɗin ƙarfe na da ba, ko dai a ƙulle cikin tsumma, ko kuwa a gindin adaka. Galibi aninai ne da kwabbai masu huji a tsakiya, wani lokaci kuma a ci karo da liyari, watau babban kuɗin azurfan nan mai hoton mace. Tambayar farko da magada kan yi ita ce nawa abin zai yi, kuma abin da kan sa su kyautata zato shi ne shekarar da ke rubuce a jiki. In suka ga 1780 sai su ɗauka sun tsinci dami a kala.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda masu wannan sana'a a Amurka da Turai suke amsa irin wannan tambaya, domin a can ne tara tsofaffin kuɗi ya zama fanni mai littattafai, da kamfanoni, da kasuwar miliyoyi. Za a ga cewa tsufa shi ne mafi rauni daga cikin abubuwan da ke sa wa kuɗin ƙarfe tsada. Za a kuma ga cewa lambar da ake sa wa kuɗi domin nuna lafiyarsa, ko da yake tana kama da awon sikeli, hukuncin idon mutum ce.

Tilas a fara da kalmomi. Hausa tana da wadatar sunayen kuɗi bisa ga abin da suke saye: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, nai, sule, fataka, fam. Amma ta fuskar yanayin jikin kuɗin kalmomi biyu kurum muke da su a baki, ko dai a ce sabo fil, ko a ce suɗaɗɗe, domin mai cefane ba ya bukatar fiye da haka. Saboda haka a nan zan yi amfani da kalmar kwandala ga kowane irin kuɗin ƙarfe, da kalmar lafiya ga yanayin jikinta. Matakin da ake sa ta a kai kuwa zan kira shi lamba, kamar yadda manoma suka saba jin malamin auduga yana cewa wannan lamba ɗaya ce, waccan lamba biyu.

Ta gaske ce ko jabu, kuma yaushe aka buga ta?

Kafin a yi maganar lafiya sai an tabbatar da asali. Masani yakan ɗora kwandala a sikeli, ya auna faɗinta da kaurinta, ya gwada irin ƙarfen, sa'an nan ya dubi zanen da gilashin ƙara girma. Kowane tambarin ƙarfe da aka buga kuɗi da shi yana da 'yan alamunsa, kamar tsagewa ko ƙarzuwa, waɗanda yakan bari a jikin duk kwandalar da ta fito daga ƙarƙashinsa, kuma an tattara waɗannan alamu a littattafai. Jabun da aka zuba a narke yakan nuna ƙananan ramuka da haruffa marasa kaifi. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne kwandala ta gaske da aka yi wa aiki, watau aka kankare wani harafi ko aka liƙa mata wani, don ta koma kamar 'yar'uwarta mai tsada.

Ko da an tabbata ta gaske ce, shekarar da ke jikinta ba hujja ba ce. Liyari shi ne babban misali a wurinmu. Matar da ke jiki ita ce Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Da yake fataken Bahar Maliya da Sahara sun amince da kuɗin, ba su kuma yarda a sake masa kama ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin ba canji, a Biyana, daga baya har a Roma, da Paris, da London, da Birmingham, da Bombay. An buga fiye da miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Biyana bai daina ba har yanzu. Lokacin da Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin guda ɗaya wuri 2,500. Nauyin liyari giram 28 ne da ɗoriya kaɗan, wajen giram 23 daga ciki azurfa ce tsantsa, kuma mafi yawan waɗanda ke hannun mutane kuɗin wannan azurfa shi ne kuɗinsu. Masana sukan bambanta tsohon bugu da na baya ta ƙirga duwatsun da ke jikin adon sarauniyar, da gashin wutsiyar gaggafar da ke baya, da siffar ɗan gicciyen da ke bin shekarar. Aiki ne na mai haƙuri, kuma sau da yawa ƙarshensa a gaya wa mai kaya cewa kayansa na ƙarni na 20 ne.

Amurkawa ma suna da irin wannan. Dalarsu ta azurfa mai ɗauke da 1804 ba a buga ta a wannan shekara ba. Wajen 1834 aka fara buga ta, domin a kai tsaraba ga Sarkin Siyam da Sultanin Maskat. Sai dai ita, saɓanin liyari, waɗanda aka sani ba su kai ashirin ba, don haka wadda aka kai Maskat ɗin ta yi dala miliyan 7.68 a gwanjo a 2021.

Sikelin Sheldon

Tun da daɗewa 'yan kasuwar Ingila da Faransa suna da kalmomin da suke siffanta lafiyar kwandala da su, kuma abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe yadda waɗannan kalmomi suka rabu da ma'anarsu ta yau da kullum. A bakin dillalin kwandala, kalmar Good, wadda kowane ɗan makaranta ya sani da ma'anar mai kyau, tana nufin kwandalar da ta suɗe ƙwarai, sai inuwar hoton da rubutu suka rage. Fine tana nufin wadda ta sha hannu sosai amma ana ganin rabin zanen. Sai an kai Extremely Fine ne ake maganar abin da mu za mu kira mai kyau. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: mai sayarwa ne ya raɗa sunayen, kuma ba a taɓa jin mai nono ta ce nononta da tsami ba. Da kowa ya riƙa kiran kayansa mai kyau, sai kalmar ta suɗe kamar kwabon da take siffantawa, aka shiga neman wadda ta fi ta.

Wanda ya kawo lissafi cikin al'amarin shi ne William Sheldon, likita Ba'amurke mai nazarin halayyar ɗan Adam, wanda tara manyan kwabban tagulla na farkon tarihin Amurka ya zame masa abin shagala. A cikin littafinsa na 1949, mai suna Early American Cents, ya tsara lambobi daga 1 zuwa 70. Mai karatu zai iya tambaya me ya sa 70, ba 100 ba. Amsar tana nuna asalin abin duka. Sheldon ya lura cewa a kasuwar zamaninsa kwabon 1794 na gama-gari, in ya suɗe har da ƙyar ake gane shi, wajen dala 1 ake sayar da shi. Wanda ake kira Good, dala 4. Wanda ake kira Fine, dala 12. Wanda bai taɓa shiga hannu ba kuwa, daga dala 60 zuwa 70. Ashe lambobin farashi ne, ba awon suɗewa ba. Abin da ya nufa shi ne a san kuɗin mafi lalacewa, a ninka shi da lambar, a sami kuɗin kowace kwandala.

Wannan lissafi bai yi shekara goma ba ya rushe, domin masu kuɗi sun yi rububin marasa aibi, farashinsu ya tashi ya bar na sauran nesa. Amma lambobin sun tsira. Ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, wadda aka kafa a 1891, ta ɗauke su a cikin littafin ƙa'idojinta na 1977, ta shimfiɗa su a kan dukkan kuɗin ƙasar, daga can kuma suka bazu duniya. Ba duka saba'in ɗin ake amfani da su ba, talatin ne kurum. Goma sha tara na kwandalar da ta yi yawo ne, daga 1 zuwa 58, ana tsallake da yawa a tsakani. Sauran goma sha ɗayan, daga 60 zuwa 70, na wadda ba ta taɓa yawo ba ne.

A nan ne wahalar take. Daga 1 zuwa 58 abu ɗaya ake dubawa, watau yawan abin da hannu ya cinye, kuma ana farawa da wuraren da suka fi tudu, kamar kunci, da gashin kai, da ƙirjin tsuntsu. Wannan ɗalibi mai lura zai iya koyonsa cikin 'yan watanni. Amma daga 60 zuwa sama babu suɗewa ko kaɗan, don haka sai a koma ga wasu abubuwa huɗu: yawan tabon da kwandala ta samu wajen gogayya da 'yan'uwanta a buhu da kuma inda tabon ya faɗa, da ƙarfin bugun tambari, da sheƙin asali, da abin da suke kira ɗaukar ido. Tabo a kumatu ya fi tabo a cikin gashi illa. Lamba 70 ita ce wadda ba a ga aibin komai a jikinta ba ko da an ƙara girmanta sau 5. Na ukun farko ana iya musu a kansu da hujja. Na huɗun kuwa, ɗaukar ido, daidai yake da a tambayi mutum biyu wace riga ta fi kyau.

Kamfanonin shaida

Muddin mai sayarwa ne ke sa lamba, rigima ba ta ƙarewa, domin kwandala takan zama 63 ranar da dillali zai saya, ta zama 65 ranar da zai sayar. Ga kuma jabu: a farkon shekarun 1970 wani gwani da ba a taɓa kamawa ba ya cika kasuwa da jabun dala ashirin ta zinariya ta 1907, har yana sa ɗan harafin Girkanci a ƙafar gaggafa a matsayin sa hannunsa. A 1972 ƙungiyar da aka ambata ta buɗe ofishin tantance asali, wanda aka sani da ANACS, daga 1979 kuma ya fara sa lamba. Takarda yake bayarwa mai hoton kwandala, ita kuwa takarda ana iya haɗa ta da wata kwandalar dabam.

Maganin da aka samo shi ne a kulle kaya da shaidarsa wuri ɗaya. Kamfanin PCGS, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1986, da NGC, wanda ya biyo baya a 1987, su ne suka yaɗa wannan tsari. Mai kaya yakan aika da kwandalarsa tare da ladan aiki. A can akan raba ta da sunansa, don kada masu dubawa su san ta wane ce. Masana biyu ko fiye sukan duba ta ɗaya bayan ɗaya, wani babba ya yanke hukunci, sa'an nan a rufe ta cikin kwanson roba mai haske wanda ba ya buɗuwa sai an fasa shi, da 'yar takarda mai suna, da shekara, da lamba, da lambar rajista. Kamfanin yakan ɗauki alkawarin biyan diyya in daga baya ta tabbata jabu ce. Amfanin wannan a fili yake: mutum a Tokyo yana iya sayen kwandalar da ke Landan bai taɓa riƙe ta ba. Wanda ya san matsayin amintaccen dillali a kasuwar Kurmi, wanda kalmarsa ke sa baƙo ya sayi abin da bai iya tantancewa da kansa ba, ya fahimci aikin waɗannan kamfanoni.

Amma fa dillali mutum ne. A ganina babban kuskuren da sababbin shiga kan yi shi ne ɗaukar lambar da ke kan kwanso tamkar nauyin da sikeli ya nuna. Hujjojin da ke rushe wannan zato suna da yawa. Na farko, akwai masu sana'ar fasa kwanso: su sayi mai lamba 64 da suke ganin ta kusa 65, su fasa, su sake aikawa, sau biyar ko sau goma, har ranar da za ta dace. Da awo ne na haƙiƙa, da wannan sana'a ba ta ci da kowa ba. Na biyu, tsofaffin 'yan kasuwa sun daɗe suna kukan cewa ma'aunin yana sassautawa, abin da aka kira 64 a shekarun 1980 yanzu 65 ne. Na uku, a 2005 PCGS da kansa ya sanar cewa wasu dalolin azurfa masu ɗauke da 1896, da 1900, da 1902, masu ɗan ƙaramin harafin O, waɗanda ya riga ya ba shaida, jabu ne na tun da can, da aka yi da azurfa mai kyau har suka yi yawo a hannun jama'a. Tun a 1990 ma hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta ƙalubalanci yadda kamfanin ke tallar aikinsa, aka sasanta a kan ya riƙa gaya wa masu saye cewa shaidarsa ba ta kare kowa daga faɗuwar kasuwa. Wannan ya zo ne bayan farashi ya yi tashin gwauron zabo a 1989, lokacin da manyan gidajen hannun jari suka shigo, sa'an nan ya rikito.

Abin dariya, ko abin tunani, shi ne a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, wanda aikinsa na farko shi ne duba kwandalar da aka riga aka rufe, in ya yarda da lambar ya manna ɗan koren tambari a kan kwanson. Watau shaida ta nemi mai yi mata shaida. Kwanson kansa ma an yi jabunsa, shi ya sa ake bin lambar rajista a intanet a gwada hoton da ke can da abin da ke hannu.

Yin kuɗi

Kamfanin shaida ba ya sa farashi. Kasuwa ke sawa. Ƙasan farashi shi ne kuɗin ƙarfen da ke jiki. Abin da ya hau kan wannan kuwa ya rataya ne ga ƙaranci, da lafiya, da yawan masu nema, wani lokaci da labarin hannayen da kwandala ta bi. Mai ƙiyasi yakan duba abin da irinta mai lamba ɗaya da ita ta yi a gwanjon baya-bayan nan, da kuma ƙidayar da kamfanoni ke bugawa ta yawan waɗanda suka ba kowace lamba, ko da yake masu fasa kwanso sun sa ana ƙirga kwandala ɗaya sau da yawa.

Ƙaranci iri biyu ne. Akwai wadda tun asali kaɗan ce, akwai kuma wadda tana da yawa amma lafiyayyarta ce ta yi wuya. Dalar azurfa ta 1884 da aka buga a San Faransisko guda miliyan 3.2 ce, kusan duka kuma sun shiga kasuwa sun suɗe. Suɗaɗɗiyar ba ta fi kuɗin azurfarta da yawa ba, mai lamba 60 dubban daloli ce, mai 65 kuwa ta haura dala 100,000. A irin wannan wuri ne bambancin lamba guda, wanda masana biyu za su iya saɓawa a kai, yake zama bambancin kuɗin gida sukutum. Kuma ƙaranci gwargwadon sanin ranar ne. Dalar 1903 ta New Orleans ana yi mata kuɗi dala 1,500 har zuwa 1962, lokacin da baitulmalin Amurka ya buɗe wani ɗakin ajiya ya fito da buhunanta, ta faɗo ƙasa da dala 50.

Tsufa kuwa, kwabban tagulla na Rumawa na ƙarni na 4 ana samunsu da 'yan daloli kaɗan, domin ana tono su tuli-tuli. Dinaren Banu Umayya na gama-gari, mai nauyin giram 4 da kwata, ba ya gagarar mai matsakaicin hali a Turai. Amma wani na shekarar 105 ta Hijira, wanda rubutunsa ya ambaci ma'adinin Sarkin Musulmi da ke Hijaz, ya yi fam miliyan 3.72 a Landan a 2011. 'Yan kalmomi ne suka raba shi da sauran. Wadda ta kafa tarihi a 2021, da dala miliyan 18.9, ƙaramar yarinya ce a cikinsu: dala ashirin ta zinariya ta 1933. An buga guda 445,500, amma Shugaba Roosevelt ya hana fitar da zinariya, aka narkar da kusan duka. Ɗaya ta sulale zuwa taskar Sarki Faruk na Masar da takardar izinin fita ta 1944, ta ɓace bayan an tumɓuke shi, sa'an nan wadda ake ɗauka ita ce ta bayyana a 1996 a hannun wani dillalin Ingila. Bayan shari'a aka halatta ta ita kaɗai. Zinariyar da ke jikinta ba ta kai dala 2,000 ba a ranar gwanjon.

Na gida

Aninai da kwabbanmu masu huji an fara buga su a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko na gorar ruwa ne, watau alminiyam, amma da aka ga yana lalacewa sai aka sauya ƙarfen a 1908. Sulallan da hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitarwa a 1913 na azurfa ne, a 1920 aka koma farin tagulla mai ruwan ɗorawa. Masu tarawa sukan nemi ɗan ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga, H ko KN, dukansu a Birmingham, domin shekara ɗaya tana iya zama gama-gari da wannan harafi, mai wuya da wancan.

Akwai abin lura game da 1936. Sarki Edward na 8 ya sauka daga gadon sarauta a Disamba ta wannan shekara kafin kuɗinsa su fita a Ingila, don haka fam ɗin zinariya na gwaji mai hotonsa ya yi fam miliyan 1 a 2020. Amma a Afirka ta Yamma an fitar da anini, da ɗari, da kwabo masu sunansa, miliyoyi. Wanda ya ji labarin na Ingila ya ga sunan a kwabon kakarsa, kada ya yi saurin cin bashi.

Inda al'adarmu ta fi karo da ta masu tarawa shi ne wajen wanki. Mu abin ƙarfe sai ya yi ƙyalli yake da kyau, don haka hannu kan kai ga toka da lemun tsami tun kafin a nuna wa kowa. Su kuwa duhun da shekaru suka shafa wa azurfa ado ne, kuma sheƙin asali wasu siraran layuka ne da bugun tambari ya bari a fatar ƙarfe, waɗanda in aka goge ba sa dawowa. Kwandalar da aka wanke, ko aka huda, ko aka yi wa walda, manyan kamfanonin nan biyu ba su ba ta lamba. Sukan rubuta cewa ta gaske ce, su ambaci aibin, farashinta kuma yakan faɗi ƙwarai. Hujin anini ba aibi ba ne, tun da da shi aka buga shi. Na liyari kuwa, wanda maƙerin farfaru ya yi don a rataya a wuyan amarya, aibi ne a sikelin Sheldon, ko da yake ga mai nazarin tarihin ado da ciniki a ƙasar Hausa wannan huji da wannan walda su ne abin da ya zo nema, kuma gidan tarihin kuɗi irin wanda Babban Bankin Nijeriya ya buɗe a Abuja a 2009 ya fi kamfanin Kalifoniya dacewa da irin wannan liyari. Ko wane ne za a kai wa daga cikin biyun, ana riƙe kwandala ta gefe ne, a naɗe kowace ita kaɗai a busasshiyar takarda, a kuma rubuta gidan da ta fito da sunan mai ita na farko da aka sani.